Abin da Muka Zuba a Kududdufin Rama

Kun tashi kuna jin cewa siyasa ce ta raba mahaifinku da Unguwar Tudu. Haka danginsa suke faɗa, ni ma haka na bar ku kuka ɗauka, domin ya fi sauƙin gaya wa yaro. To, ba siyasa ba ce. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yankar katin wata jam'iyya ba, ko taronsu ba ya tsayawa kallo. Ruwa ne ya fitar da mu daga garin nan, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu. Yanzu da ƙasa ta rufe idon kusan duk wanda abin ya shafa, ni ma ƙafa ta fara ƙi, na ga gara ku ji daga gare ni, kada ku ji guntu-guntu a bakin wani.

Ni 'yar Mahaɗa ce. In an bar Funtua an nufi Bakori, aka saki titi aka shiga gonaki, akwai rafuka biyu da suke gangarowa daga tudu. Ɗaya siriri ne, cike da ciyawa da inuwar itatuwa, shi ne yake bi ta bayan Unguwar Tudu, garin su mahaifinku. Ɗayan mai faɗi ne, a kan yashi yake gudu, ruwansa fari tas. Inda suka haɗu akwai gurbi mai zurfi wanda ko a tsakiyar rani ba ya ƙafewa, a bakinsa kuma gidajen mutanena suke. Maguzawa ne, ban taɓa ɓoye muku ba. Manoma ne na gaske, suna da karnuka da agwagi da tukwanen giya, duk rayuwarsu kuma tana jikin gurbin nan. A nan suke sha, a nan suke wanka, a nan suke kamun tarwaɗa. Babban gida na Kawu Barau ne, wan mahaifiyata, wurinsa Inna ta koma da zama bayan rasuwar babana. Laraba suka raɗa mini. Hauwa da kuka sani, ranar da na musulunta zan auri mahaifinku aka sa mini. Ba wanda ya tilasta ni. A kasuwar Bakori muka ga juna ina tallar daddawa, Kawu ya yi fushinsa na wata biyu ya huce.

Shekarar da nake ba ku labari, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, muna da 'ya ɗaya, yayarku Asabe. Kun san bakina bai taɓa kiran sunanta ba, 'yar fari ce, amma a takarda dole in rubuta don ku gane. Mahaifinku a lokacin mutum ne da ake ji da shi. Yana da shanun noma biyu da garma da amalanke, ya iya karatun boko daidai gwargwado, shi ya sa malamin gona ya damƙa masa rabon irin auduga na ƙauyukanmu. Kafin damina mota takan sauke buhuna a ƙofar gidanmu, shi kuma ya auna wa kowa rabonsa. Irin nan ba kamar guryar da muka sani ba ne. An cuɗe shi da wani jan gari don kada cuta ta kama shuka, a jikin kowane buhu akwai hoton ƙoƙon kan mutum, an kuma ja kunne kada a ba dabba, kada a matse mai, kada ya kusanci tukunya. Ban da buhunan, an bar masa manyan gwangwanaye biyu na garin maganin kansa, wai ko za a bukaci ƙari.

Ruwan farko na shekarar ya zo da iska mai ƙarfi, mahaifinku kuwa yana Malumfashi wurin ta'aziyya. Iskar ta yaye jinkar ɗakin da aka tara kayan, ruwa ya yi ta zuba a kansu. Ni da goyo a baya, na ja abin da na iya ja, sauran suka sha ruwa har suka ƙoshi. Kwana uku ya yi kafin ya dawo. Da ya buɗe ƙofa wani zafi da wari suka buge shi, fiye da rabin buhunan sun kumbura, irin ya tsiro ta cikin saƙar buhu, gwangwanayen kuma ruwa ya shige su, garin ya dunƙule. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Hauwa, na shiga uku," ya ce. "Kayan hukuma ne. In malamin gona ya ga wannan, 'yan doka za su zo har gida."

"To Malam, ka je ka faɗa musu gaskiya mana. Iska ce, ai ba kai ba ne."

"Wa zai saurari zancen iska? Cewa za a yi tun bara aka ce in sake jinkar nan ban sake ba. Kuma gaskiya ne, an faɗa mini."

Ya ce ɓoyewa za mu yi, ya raba wanda ruwa bai taɓa ba a ƙaramin mudu, ya ce wa mutane bana irin ne bai zo da yawa ba. Sai tunanin inda za a kai ruɓaɓɓen. Binnewa aiki ne da za a gani, ƙonawa kuma hayaƙi zai tona. A nan ne na buɗe bakina, kuma wannan nake so ku riƙe, don kada ku ɗora masa duka. Ni na ce a kai kududdufin rama. Rami ne mai zurfi a bayan gari, a gefen siririn rafi, inda ake jiƙa rama kowace kaka. Ruwansa baƙi ne, ba mai sha, ko akuya ba ta kusantarsa. Muka jira ranar kasuwar Bakori, gari ya watse sai tsofaffi, rana tsaka ya ɗaura wa shanu amalanke. Sawu uku muka yi. Shi yana yanka buhuna yana zazzagewa, ni ina turawa da sanda. Daga ƙarshe ya jefa gwangwanayen, suka yi kumfa suka nutse. Kwana huɗu tafin hannuna yana ja kamar na sa lalle, ina ɓoye shi cikin zane.

Damina ta wuce lafiya, ba wanda ya tambaya, har na fara mantawa. Da kaka mutane suka ɗaure rama dami-dami suka danna a kududdufin kamar kullum, ganye ya ruɓe, ruwan ya yi kauri, yana tsiyaya a hankali cikin siririn rafi, rafin ya koma launin shayi har ƙasa. Kowace shekara haka yake yi, ba wanda ya damu. A daidai lokacin ne Asabe ta isa yaye. Na goya ta na kai wa Inna a Mahaɗa, tafiyar da ba ta fi ta hantsi ɗaya ba. Yarinyar tana gudu a lokacin, tana kiran sunan kowace dabba. Inna ta karɓe ta da murna, ta ce na zo a daidai, bana kifi ya yi albarka, tarwaɗa tana tasowa sama da kanta, yara ma da hannu suke kamawa. Ta ce kullum za ta yi mata romo har ta manta da nono. Na yi godiya na koma gida ina jin daɗi.

Wajen wata biyu bayan nan, wata mai tallar nono ta ce mini karnukan Mahaɗa sun haukace. Ba cizo suke yi ba, tangaɗi suke yi suna karo da bango, agwagi kuma suna faɗuwa a bakin ruwa. Gabana ya faɗi ban san dalili ba. Washegari na yafa gyale na gangara. Tun daga nesa na ji gidan ya yi tsit, babu daka, babu kukan kare. Na tarar da Asabe a kan tabarma a ƙofar ɗakin Inna. Na kira ta da sunan da nake ce mata, ta juyo, amma ba ni take kallo ba, gefena take kallo. Ta yunƙura za ta taso, ƙafafun suka harɗe, ta kife. Na ba ta ludayin kunu, hannun yana rawa kamar na tsohuwa, kunun yana zuba a cinyarta. Can cikin gida Tanko, jikan Kawu, ɗan shekara biyar, kwance yake, ya daina magana, sai miyau. Akwai jaririn wata matar gidan da ya riga ya tafi. Inna kanta ta ce leɓunanta da yatsunta kamar ba nata ba.

"Inna, me ke faruwa a gidan nan? Don me ba a aiko mini ba?"

"Mai Gurbi ne ya yi fushi, Laraba. Shekara biyu ba a ba shi baƙin bunsurunsa ba. Boka ya ce ran Lahadi za a yi yanka, a ɗebo ruwan tsakiyar gurbi a shayar da duk marar lafiya, kwana bakwai, safe da yamma. Kafin nan ba yaron da zai bar gidan nan."

Mai Gurbi shi ne iskan da mutanena suka yarda yana zaune a ƙarƙashin ruwan. Na roƙi Inna ta ba ni 'yata, ta ƙi, ta ce in na fitar da ita zai bi ta har Tudu. Na zauna a nan. A Unguwar Tudu kuwa, da labari ya kai, cewa aka yi alhakin giya da tsafi ne ya sauko wa arna. Ni dai ina tsakiya, ban san wanda zan yarda da shi ba. In na yi salla sai in ji matan gida suna ƙus-ƙus, wai tun da Laraba ta bar hanyar iyaye abubuwa suka lalace. In na dubi gurbin, ga shi lumui, ja-ja baƙi-baƙi, sai tsigar jikina ta tashi, abin da na bari tun ina budurwa ya dawo mini sabo. Kullum da safe kafin in buɗe ido sai na sa hannu a ƙirjin Asabe. Ran Juma'a da hantsi Tanko ya cika. Ran Asabar wata tsohuwa ta bi shi. Har zuwa lokacin, wallahi, kududdufin rama bai taɓa faɗo mini a rai ba.

Akwai wani mutumin kudu da yake zuwa Mahaɗa kowace Lahadi a kan keke don sayen kifi. A tashar jirgin ƙasa ta Funtua yake aiki, shi ne mai auna ruwan da ake zuba wa injin jirgi don kada ya cinye tukunyarsa. Ba mu iya sunansa ba, Mai Kwalabe muke ce masa, don kullum da ƙananan kwalabe a jakarsa. Sun saba da Kawu ƙwarai. Ashe Lahadin da ta gabata, da ya ga karnukan, ya ƙi sayen kifi, ya ɗebi ruwa a wurare uku ya tafi da shi. Ranar yankan ya iso da sassafe, gumi sharkaf, ya tarar an ɗaure bunsuru a gindin kirya, ana jiran la'asar. Ya zauna da Kawu a ƙofar gida, ni kuma ina bayan danga ina wanke zanen Asabe, duk abin da suke faɗa a kunnena. Hausarsa a karkace take, amma zan rubuta muku ita a miƙe.

"Baba Barau, ni a bakin teku aka haife ni, inda babban kogi yake ƙarewa ya shiga ruwan gishiri. Ruwanmu can kullum haka yake, launin shayi, saboda ganye da saiwa da suke ruɓewa su narke a ciki. Launin nan shi kaɗai ba ya kisa, da shi na girma. Amma yana da hali ɗaya. In akwai ƙarfe mai guba a wuri, wanda in a farin ruwa ne zai kwanta a ƙasa ya yi zamansa, ruwan ruɓaɓɓen ganye sai ya ɗauke shi ya goya, ya yi tafiya da shi, ido ba ya gani. Sai ya je inda ya gamu da wani ruwa dabam, a garinmu na gishiri, a nan kuwa farin rafinku, a nan yake sauke kayansa cikin laka. Tarwaɗa kuma laka take ci."

"Ƙarfe a ruwa?" in ji Kawu. "Kai Mai Kwalabe, tun kakanni muke shan gurbin nan."

"Na sani, Baba. Amma na ɗiga magani a kwalabe uku. Na farin rafi lafiya lau. Na gurbi ya juya. Na siririn rafi ya fi shi juyawa. Kayan awona na tukunyar jirgi ne, ba za su gaya mini sunan abin ba. Sai dai ba na ƙasar nan ba ne, wani ne ya zuba wani abu a sama, inda ruwan yake ɗauko launinsa. In an san ko mene ne, a gaya wa likita, a kuma je a kwashe. Don Allah kada ku ba yara ruwan nan yau."

Kawu ya ce shi bai san wani ƙarfe ba, wa zai zuba ƙarfe a rafi, kuma boka ya riga ya yi magana. Ni kuwa zanen ya suɓuce daga hannuna. Inda ruwan yake ɗauko launinsa. Na ga amalanke, na ga sandar da nake turawa da ita, na ga gwangwanaye suna kumfa. Na dubi tafin hannuna kamar jan yana nan. Na durƙusa a bayan danga na yi amai. Tsoron kwanakin baya ashe wasa ne, don a lokacin ban san mai kisan ba. Ban yi wa kowa sallama ba, na kama hanyar Tudu da gudu, ƙaya tana yagar ƙafata ban ji ba. Na sami mahaifinku a zaure yana gyaran igiyar shanu. Na faɗa masa duka a tsaye, numfashi yana sarƙe ni. Igiyar ta faɗi. Ya miƙe ya leƙa waje, ya dawo ya ja ni cikin gida.

"Wa ya ji? Kin gaya wa wani?"

"Ba kowa, Malam. Amma da la'asar za su fara ɗura musu ruwan."

"Ki saurare ni, Hauwa. Gobe zan je da kaina in ɗauko yarinyar, ko sun so ko sun ƙi. Kududdufin kuma in samu yadda zan cike shi a hankali. Amma ki kama bakinki. Rai uku fa! Kin san mutanenki, kin san kwari da bakan da ke rataye a ɗakin Barau. In ba su kashe ni ba, hukuma za ta rataye ni."

"Sauran yaran fa? Su wa zai ɗauko su?"

Na ce masa ni na zaɓi wurin, in ratayewa ce tare za a rataye mu. Ya ce in na taka ƙofar gidan nan da wannan magana, in san cewa ni na kashe shi da bakina. Bai ambaci saki ba, bai kuma tare hanya ba. Ya zauna a bakin gado ya dafe kai. Na tsaya ina kallonsa, mutumin da ya ɗauke ni daga tallar daddawa bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ba zan ce muku jarumtaka ce ta fitar da ni ba. Tsoro biyu ne suka sa ni a gaba, ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Na juya na fita. Duk tsawon hanya ina jin kamar ana bi na, ina waiwaye, ba kowa sai karan dawa.

Na iso an riga an yanka bunsurun. Mutane sun yi da'ira a bakin gurbi, iyaye mata riƙe da 'ya'yansu, Inna tana rungume da Asabe, boka ya shiga ruwa har ƙugu ya cika ƙwarya yana fitowa. Mai Kwalabe yana gefe riƙe da kekensa, ya yi magana har ya gaji. Na ratsa mutane, ban san lokacin da na buge ƙwaryar daga hannun boka ba. Wuri ya ɗauki salati irin nasu, wata ta ce ta haukace ita ma. Na zube a gaban Kawu, gwiwa biyu a laka.

"Kawu, ba Mai Gurbi ba ne. Mu ne. Ni da mijina. Irin auduga mai jan magani da gwangwanayen maganin, mu muka zuba a kududdufin rama tun farkon damina. Ni na ce a kai can. Ban sani ba, Kawu, wallahi ban sani ba."

Sai uwar Tanko ta kurma ihu ta yo kaina, aka riƙe ta. Samari uku suka ruga gida, na san abin da suka je ɗaukowa, na rufe ido ina jiran ko ni za a fara da ita. Kawu bai dube ni ba. Gurbin yake kallo, haɓarsa tana motsi. Da samarin suka fito da baka a hannu, ya ɗaga sandarsa ya gitta a hanya.

"Duk wanda ya wuce sandan nan ba ɗana ba ne. Mun binne uku, ba za mu ƙara da na igiyar hukuma ba. Ku aje. Mai Kwalabe, hau kekenka ka kira mana wanda za ka kira." Sannan ya ce, har yanzu bai kalle ni ba, "Ke kuma ɗauki ɗiyarki. Kada in ƙara ganin ƙafarki a gidan nan."

Washegari dubagari ya zo da malamin asibiti da 'yan doka biyu. Aka hana shan gurbin da cin kifinsa, aka tona ramuka a yashin farin rafi, sama da mahaɗar, nan mutane suka koma ɗiban ruwa. Aka kwashi marasa lafiya a mota, har da ni da Asabe. 'Yan dokan ba su sha wahalar neman mahaifinku ba. A bakin kududdufi suka same shi, shi kaɗai, ya datse inda yake tsiyaya da ƙasa, yana cikin baƙin ruwa har ƙirji yana lalube da ƙafa. Ya riga ya fito da gwangwani ɗaya. An ce kwana shida aka yi ana kwasar lakar ana kaiwa wani rami a kan tudu, shi ne a gaba, mutanen Mahaɗa suna aiki a gefensa ba mai ce masa uffan. Ranar bakwai aka kai shi gaban alƙali. Ya ce shi kaɗai ya yi, matarsa umarninsa ta bi. Ƙarya ce, kuma ita ce ta hana a taɓa ni. Aka ɗaure shi shekara ɗaya.

Likita ya ce mini abin da ya shiga ya shiga, sai dai a hana ƙari. Asabe ta rayu. Tafiya ta dawo a hankali, magana ta dawo, rawar hannu da ƙarancin gani kuwa kun san su, da su ta girma, ba iska ba ce kamar yadda gwaggonninku suke faɗa. Inna ta ci gaba da zuwa ganina a ɓoye har ta rasu, yatsunta ba su ƙara jin zafin tukunya ba. Kawu Barau ya cika maganarsa, ni ma na cika masa, ko jana'izarsa daga nesa na tsaya. Unguwar Tudu kuma ba ta zaunu ba. Dangin mahaifinku suka ce na sayar da ɗansu saboda arna, aka sayar da shanun, wani ya karɓi rabon iri. Na ɗauki 'yata na koma Funtua, na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa kusa da injin gurzar auduga, ina dafa wa leburori dambu. Shekara guda ba wasiƙa, ba saƙo. Ban san ko ni matar aure ce ko sakakkiya ba. Duk sallamar namiji da na ji a ƙofar gida sai in ce takardar sakina ce aka kawo.

Ran nan da azahar ina tankaɗe a tsakar gida aka ce ana sallama da Hauwa. Na fita zaure na gan shi a tsaye, ya rame, kai a aske, rigar da aka tafi da shi a cikinta ce a jikinsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa. Asabe ta biyo ni tana dafa bango, ta ɓuya a bayan zanena, ba ta gane shi ba. Ya daɗe yana kallon hannunta. Na shimfiɗa masa tabarma ya zauna, ni kuma na tsuguna nesa kaɗan, ina jiran abin da ya yi shekara yana tanada mini.

"Hauwa," ya ce, idonsa a ƙasa. "Can ciki ba mai gaya mini komai. Bayan ranar nan, an sake rasa wani a Mahaɗa?"

"Babu, Malam. Ko ɗaya."

Ya sa fuskarsa cikin tafin hannunsa. Kafaɗunsa suka yi ta motsi, ni kuma na kau da kai don kada ya ga na gani. Can ya share ido da bakin riga, ya dubi rana ta ƙofar zaure.

"Azahar tana wucewa," ya ce. "Kawo mini buta. In na idar ki nuna mini ɗakinmu."